Iccen da ka sani shi ne na gashin namanka

Ɗan uwa mai karatu, idan sallar layya ta kusa, kakan shiga kasuwa ka duba rago da kyau. Ka duba haƙoransa, ka taɓa bayansa, ka daɗe kana ciniki. To, iccen da za ka gasa shi da shi fa, kana duba shi haka nan? Yawancinmu ba mu dubawa. Abin da hannu ya kai gare shi, shi muke sa wa wuta. Ni ina ganin wannan kuskure ne babba.

Na koyi wannan darasi a gidana. Wata shekara icce ya yi tsada. Sai na farfasa wata tsofuwar ƙofa mai fenti, na haɗa da ɗan iccen da na saya. Yara suka hura wutar da leda. Muka tsire rago a gefen wuta tun azahar har dare. Da muka yanka nama, sai warin fenti. Maiɗakina ba ta ce kome ba, amma ta ƙi aika wa iyayenta da nasu rabo, don kunya. Rabin naman nan zubar da shi muka yi. Na guji kashe kuɗi kaɗan, na yi hasarar rago. Araha ba ta ado.

Hayaƙi ba ya wuce nama kawai, shiga cikinsa yake yi. Abin da ke cikin icce, shi za ka ci, kai da iyalinka.

Ba mu kaɗai muke banda da gashi ba. A ƙasar Kanada da arewacin Amurka akwai wani icce, da Faransanci ana ce masa erabul, da Ingilishi kuma mapul. Ganyensa ne ke jikin tutar Kanada tun 1965. Ruwan jikinsa yana da zaƙi. Sukan tatsa shi su dafa, wajen lita 40 su ba da lita 1 ta wani abu mai kauri kamar zuma. Mutane da yawa suna da wannan icce a bayan gidansu. In reshe ya faɗi, ko sun rage rassa, sai su faskara, su jera a wurin da iska ke shiga, su bar shi ya bushe wata 6 ko shekara guda. Sannan su yi bandar kaza ko kifi da shi. Hayaƙinsa ba shi da ƙarfi, yana ba nama ƙamshi mai daɗi. Masu sanin aikin ba su sa icce mai ƙaro da yawa, ba su sa katakon da aka shafa wa fenti ko magani.

Mapul ba ya tsirowa a Maraɗi ko Damagaram, iccen ƙasar sanyi ne. Amma dabarar tasu ta kowa ce: ka yi aiki da iccen da ka san asalinsa, ka bar shi ya bushe. Mu ma Allah ya ba mu namu. Akwai marke, bagaruwa, aduwa, magarya da mangwaro. Itatuwa ne masu ƙarfi, garwashinsu yana daɗewa.

Akwai kuma waɗanda ba a kusantar da su ga nama. Tumfafiya da aguwa suna da farin ruwa mai dafi. Katako mai fenti, leda, roba, tayar mota da baƙin mai, hayaƙinsu guba ne. Ɗanyen icce kuma hayaƙi gare shi mai kauri, yana sa nama ɗaci.

Wataƙila ka ce: "Malam, kana so mu sare itatuwa kenan, ga hamada tana matsowa?" A'a. Ban ce ka kayar da icce ba. Reshe na ce. Manoman jihar Maraɗi sun nuna mana hanya tun wajen 1984, da sassaben zamani. Suna barin tsiron kututture a gona, su zaɓi rassa masu ƙarfi su bari, su rage sauran. Iccen yana girma, gida kuma yana samun na wuta. In za ka taɓa babban icce kamar gawo, fara tambayar ma'aikatan gandun daji.

Ga shawarata. Ka rage rassa tun sauran wata 5 ko 6 kafin salla. Ka faskara, ka jera su bisa dutse don gudun gara. Ranar aiki, ka hura wuta da kara ko busasshiyar ciyawa. Ka jira baƙin hayaƙi ya wuce, garwashi ya yi ja. Kada harshen wuta ya lashi nama, kada kitse ya dinga ɗiga cikin wutar.

In ba ka da icce a gida, ka shuka ɗaya da daminar bana. Ranar da za ka tafi sayen rago kuma, ka tambayi kanka: da wane icce zan gasa shi?