Jaridar ma'aikata da ta koma kakakin mai gida

Ranar Laraba a ɗakin malamai na lakwal ɗinmu, wani abokin aikina ya ce mini sandika ba ta da abin cewa muddin masu mulki namu ne, a cewarsa yawan ƙorafi raba kawuna yake. Na yi shiru saboda ya girme ni, amma maganar ta hana ni barci. Shi ya sa na ce bari in ba shi amsa a nan, da labarin wani Bajamushe mai suna Jacob Walcher.

An haifi Walcher a 1887 a wani ƙauye na kudancin Jamus. Maƙerin masana'anta ne, ya yi aiki a Situtgat, ya shiga ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe tun yana saurayi. A 1914 jam'iyyarsa ta SPD ta goyi bayan yaƙi, shi ya ƙi, aka cire shi daga jaridar da yake wa aiki. A ƙarshen 1918 yana cikin waɗanda suka jagoranci taron kafa jam'iyyar kwaminis ta Jamus. A 1928 ita ma ta kore shi, don ya ƙi yarda a tsaga ƙungiyoyin ƙwadago a kafa na jam'iyya zalla. Da Hitila ya hau, ya yi gudun hijira Faransa, daga nan Amurka, inda ya koma sana'arsa ta ƙarfe. Willy Brandt, wanda ya zama shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma a 1969, a hannunsa ya koyi siyasa.

A 1946 ya komo gida, ya zaɓi ɓangaren gabas da ke hannun Tarayyar Sobiyet, yana ganin can ne ma'aikaci zai sha iska. Aka ba shi babban editan Tribüne, jaridar haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta FDGB. Malam, ga naka sun hau mulki ke nan. Me ya biyo baya? A 1950 FDGB ta amince a hukumance cewa jam'iyya mai mulki, SED, ita ce jagorarta. A 1951 aka tuɓe Walcher, aka kore shi daga jam'iyya, aka tono masa tsohon laifinsa na saɓa wa layi. Mutumin da ya shafe sama da shekara 40 yana wa ma'aikata hidima ya wayi gari maƙiyinsu a bakin hukuma.

Ku dubi abin da jaridar ta zama bayansa. Da Sitalin ya mutu a watan Maris na 1953, aka yi kuskuren ɗab'i a cikin yabonsa: inda ake nufin zaman lafiya, kalmar yaƙi ta fito. Babban editan lokacin ya rasa kujerarsa, ma'aikata biyu suka tafi kurkuku. A watan Mayu gwamnati ta ƙara wa ma'aikata yawan aikin da za su yi da kashi 10 cikin 100 ba tare da ƙarin albashi ba. Ranar 16 ga Yuni, jaridar ma'aikata ta buga sharhin wani sakataren ƙungiya, Otto Lehmann, yana cewa ƙarin daidai ne. Magina a Barlin ta Gabas suka karanta, suka ajiye kayan aiki, suka hau titi. Washegari bore ya game ƙasar, tankokin Sobiyet suka fito, mutane sama da 50 suka mutu.

To ina haɗin kan da shiru ya kawo? Da jaridar ta ɗauki kukan magina ta kai gaban hukuma tun a watan Mayu, da mahukunta sun ji zafin tukunya kafin ta fashe. Da suka toshe bakin da ke gaya musu gaskiya, sai suka ji ta daga titi. Shirun sandika bai ceci gwamnatin ba, makantar da ita ya yi.

Ba waliyyi nake mai da Walcher ba. Shi ya zaɓi tsarin da ya cinye shi, kuma da aka wanke shi a 1956 ya koma jam'iyyar, ya zauna cikinta har rasuwarsa a 1970. Kuskurensa shi ne na abokin aikina: ya ɗauka idan naka ya hau kujera, an gama buƙatar mai tsawatarwa. Ya rayu har ya ga 1968, lokacin da sabon tsarin mulkin Jamus ta Gabas ya share ƴancin yajin aiki da na 1949 ya tanada.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya: kowace ranar yaji, ɗansu ne ke asara. Ni ma uba ne. Amma malamin kwantiragi da albashinsa ya makara, da ajin zana da ruwan sama ke rufewa, da yaran da ke zaune ƙasa babu littafi, wa zai faɗe su idan sandika ta koma ƴar amshin shata? Sandikar da ke faɗin matsala da wuri ita ke rage yaji. Mu a Nijar mun san haka: da ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai sun yi shiru a 1990, da wuya a zauna babban taron ƙasa na 1991.

Saboda haka, yayana, duk wanda ke mulki, naka ne ko ba naka ba, a bar sandika a hannun masu biyan kuɗinta. Ku kuma iyaye, ku riƙa zuwa taron lakwal kuna yi mana tambaya, mu da shugabanninmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.