Ba a fafe gora ranar tafiya: a sabunta manhajar sunaye tun yanzu

Duk malamin da ya taɓa riƙe rajistar aji ya san kowane ɗalibi yana da suna, yana kuma da lamba. Haka intanet take. Mutum suna yake rubutawa, amma kwamfuta lamba ta sani. Mai haɗa sunan da lambar ita ce sabar sunaye, wato DNS, tsarin da Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983. In ta kwanta, shafi yana nan daram amma ba mai iya isa gare shi.

Ɗaya daga cikin manhajojin da aka fi yin wannan aiki da su ita ce BIND, wadda cibiyar ISC ta Amurka ke kula da ita, ana kuma girka ta a kan Linux irin su Debian da Ubuntu. Kyauta ce, to amma kyautar ce ke ruɗin mutane. Sai a girka, a ga tana aiki, a manta da ita shekara da shekaru. Wani lokaci ma wanda ya girka ta ya bar aikin, ya tafi da kalmar sirri a kansa.

Wannan sakaci yana da tsada. A 2008 Dan Kaminsky ya gano ɓarakar da ɓarawo zai iya bi ya karkatar da mutane zuwa shafin bogi alhali sunan gaskiya suka rubuta. A Fabrairun 2024 masu bincike a Jamus suka bayyana wata, KeyTrap, inda saƙo ɗaya tak kan iya daskarar da saba. Duka biyun an fitar da gyaransu, amma gyara ba ya shiga da kansa. Ga shi an daina tallafa wa BIND 9.16 a 2024, CentOS 7 kuma wa'adinsa ya cika ran 30 ga Yunin 2024. Mai zaune a kansu yau, gidansa ba ƙyaure.

Wa ke shan wahalar? Ɗalibin da ya sayi kuɗin waya don duba sakamakon jarrabawa, da malamin ƙauye mai bin takardunsa a shafin ma'aikata, da ɗan kasuwa mai hulɗa da banki. Ba su san BIND ba, amma a kansu abin ke ƙarewa.

Ma'aikatan fasaha kan ce suna tsoron taɓa abin da ke aiki, ga ɗauke wuta. Tsoron yana da hujja, sai dai yana da magani. A adana kwafin fayilolin saiti da na sunaye. A tantance su da named-checkconf da named-checkzone. A fara da saba ta biyu, in ta tsaya da ƙafarta sannan a taɓa ta farko. A yi aikin da dare, ba ranar fitar sakamako ba.

Muna kira ga ma'aikatu, jami'o'i da kamfanonin sadarwa masu shafuka a ƙarƙashin .ne su binciki sigar da ke kan sabobinsu, su rubuta sunan wanda alhakin sabuntawa ke wuyansa, su ware masa kuɗi da horo a kasafi. Amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta.