Cinikin 'yan wasa: Me ya sa kulob-kulob na Arewa ke sabon lale kowace kaka?

Da zarar alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe a gasar Firimiya ta Najeriya, sai a shiga wata gasar da ba a filin wasa ake yin ta ba, wato cinikin 'yan wasa da sauya masu horarwa.

A gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi na garuruwa irin su Batsari da Safana a jihar Katsina, hira takan koma kan wanda zai bar Katsina United da wanda Kano Pillars za ta ɗauko.

Sai dai tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa ke cin ribar wannan kasuwa?

'Yancin ɗan wasa

A Amurka, wasan besbol, wanda wasu ke kira ƙwallon gora, shi ne ya yi fice wajen wannan ciniki.

A da, kulob kan riƙe ɗan wasa iya tsawon rayuwarsa ta wasa. A shekarar 1975 ne wani mai shiga tsakani, Peter Seitz, ya yanke hukuncin da ya rusa wannan tsari.

Daga nan aka amince cewa wanda ya yi shekara shida a babbar gasa, kuma kwantaraginsa ya ƙare, yana da 'yancin zuwa inda ya ga dama.

Wannan 'yanci ne ya sa a watan Disambar 2023 Shohei Ohtani ya sa hannu a kwantaragin dala miliyan 700 na shekara goma da Los Angeles Dodgers, bayan shekara guda kuma Juan Soto ya samu dala miliyan 765 na shekara 15 daga New York Mets.

A Turai ma, shari'ar Bosman ta 1995 ta ba 'yan ƙwallon ƙafa irin wannan dama.

A Najeriya lamarin ya sha bamban. 'Yan wasa da dama kwantaragin kaka ɗaya ko biyu suke sa wa hannu, saboda haka kusan kowace shekara suna da 'yancin tafiya.

Amma 'yanci ne na dole. Ɗan wasan Amurka yana fita kasuwa ne don a yi rububinsa, na gida kuwa sau da yawa yana fita ne yana bin bashin albashi ko kuɗin sa hannu.

Darasi daga Kano

Tarihin Kano Pillars ya isa misali. Kulob ɗin ya ci gasar Firimiya a 2008, sannan ya ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014.

Mohammed Babaganaru ne ya ja ragamar biyun farko, Okey Emordi ya ci na ukun. An sauya mai horarwa, amma ginshiƙan 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Mohammed suna nan, shi ya sa ginin bai girgiza ba.

A 2022 Pillars da Katsina United suka faɗa gasa ta ƙasa tare, suka kuma dawo tare a 2023.

Bayan dawowar, Pillars ta miƙa ragama ga Abdu Maikaba, a 2024 ta ɗauko Usman Abdallah, wanda ya ci gasar da Enyimba a 2019, a 2025 kuma ta naɗa Evans Ogenyi.

Kowane sabon mai horarwa yakan zo da salonsa da 'yan wasan da ya yarda da su, kafin su saba da juna kaka ta yi nisa.

Batun Ahmed Musa ma abin dubawa ne. Ya dawo Pillars a watan Afrilun 2021 bayan ya rabu da Al Nassr ta Saudiyya, bayan 'yan watanni ya wuce Turkiyya, ya sake dawowa a 2024, a 2025 kuma gwamnatin jihar Kano ta naɗa shi babban manajan kulob ɗin.

Zuwan babban suna yana jawo 'yan kallo da 'yan jarida, amma ba ya maye gurbin tsari mai ɗorewa.

Kulob na gwamnati

Masu lura da al'amura na ganin tushen matsalar shi ne mallaka. Pillars da Katsina United duk na gwamnatocin jihohi ne, shugabanninsu naɗaɗɗu ne, kuɗinsu kuma daga baitulmali yake fitowa.

Shugaban da bai san ko zai kai baɗi a kujerarsa ba, da wuya ya ɗaure kansa da kwantaragin shekara huɗu. Idan aka sha kashi sau biyu ko uku, mai horarwa ne tsanin da ya fi sauƙin sarewa.

Remo Stars, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta bi wata hanyar. Ta riƙe Daniel Ogunmodede duk da ta ƙare a matsayi na biyu a 2023 da 2024, ya kuma ci mata gasar a 2025.

Asarar gajeren kwantaragi ba ta tsaya a fili ba. Ɗan wasan da kwantaraginsa ya ƙare kyauta yake tafiya, kulob ɗin da ya raine shi ya tashi ba kuɗin sayarwa.

Wanda ya fi jin jiki shi ne matashin karkara. Kulob da ke neman sakamakon gaggawa ya fi son ƙwararre daga wata jiha a kan yaron da sai an raina.

Ga kuma matsalar 'yan bindiga a yankunan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, wadda ta sa zuwa Batsari ko Safana neman sabbin 'yan wasa ya zama abin da sai an yi shawara.

Muddin kulob-kulob ba su fara ba da kwantaragi mai tsawo, su biya haƙƙi a kan lokaci, su kuma bar mai horarwa ya ga amfanin shukarsa ba, kowace sabuwar kaka za ta zo ne da sabbin fuskoki da tsohon kuka.