Fushin shafukan sada zumunta: wa ake hukuntawa, kuma wa ya ba da izini?

A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, awa guda ta isa hoto ko muryar da aka naɗa ta zagaya dubban wayoyin salula. Idan abin ya taɓa addini ko tarbiyya, fushi na biyo baya nan take. Fushin kansa yana da dalili. Matsalar ita ce wanda yake faɗa wa, da inda yake tsayawa.

Abin da ya faru da Rahama Sadau, jarumar Kannywood da ake kallon finafinanta a Nijar kamar yadda ake kallo a Kano, ya isa misali. A farkon watan Nuwamban 2020 ta saka hotunanta sanye da wata doguwar riga mai buɗaɗɗen baya. A cikin muhawarar da ta ɓarke, wani ya rubuta kalaman ɓatanci ga Annabi (SAW). Jarumar ta goge hotunan, ta nesanta kanta da kalaman, ta nemi gafara cikin kuka a wani bidiyo. Duk da haka zagi da barazana a kanta suka sauka, har aka baza jita-jitar cewa an ɗaure ta, sai da ta fito ta ƙaryata. Wanda ya yi ɓatancin kuwa, kusan babu mai tuna sunansa.

Haka lamarin ya saba kasancewa: taron intanet yana auka wa fuskar da ya sani, musamman idan mace ce. Kuma tsarin Facebook da TikTok yana ɗaga saƙon da aka fi yi wa martani. Duk wanda ya tura abin ɓatanci don ya la'ance shi, ya ƙara masa masu kallo ke nan.

Wani lokaci abin ba ya tsayawa a waya. Ranar 12 ga Mayun 2022, a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, an kashe wata ɗaliba bayan wata murya da ta tura a zauren WhatsApp na ajinsu, wadda aka ce ɓatanci ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan, kuma sai da aka kafa dokar hana fita a birnin.

A Nijar, doka ba ta ware mai zagi saboda fushinsa na da hujja ba. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan zagi da ɓata suna. An cire ɗaurin a 2022, sannan Janar Abdourahamane Tiani ya maido da shi a watan Yunin 2024: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso. Ƙungiyoyin ƴan jarida sun nuna fargabar a yi amfani da dokar wajen toshe bakin masu suka, kuma fargabar tana nan. Amma ga talakan da ke riƙe da salula, ma'anarta a fili take: wanda ya zagi mai laifi, shi ma yana iya tsayawa gaban alƙali.

Akwai hanyoyin da suka fi tsira. A daina tura abin, a kai ƙararsa ga kamfanin shafin, a adana shaida, a miƙa ta ga ƴan sanda ko mai gabatar da ƙara. Idan an san mai laifin, iyayensa, mai unguwa da liman sun fi baƙi dubu goma iya gyara shi.