An rufe rami, dafi bai rufu ba

Mutane da yawa na tsammani in an daina haƙa a wuri, magana ta ƙare. Masu haƙa sun kwashe kayansu sun tafi, ciyawa ta fito, shi ke nan. Ni ban yarda ba. Tsohon ramin ma'adinai ya fi sabo ban tsoro, don ba mai kula da shi.

Ga abin da ya faru a Ingila. Akwai wani rami da ake kira Wheal Jane, inda aka daɗe ana haƙar kuza. A 1991 aka rufe shi, aka kashe injinan da ke janye ruwa daga ciki. Ruwa ya yi ta taruwa a ƙarƙashin ƙasa. A watan Janairu na 1992 ya ɓalle. Wajen lita miliyan 50 suka kwarara cikin kogin Carnon. Kogi ya koma ja kamar tsatsa, har teku. Yau fiye da shekara 30 ke nan, ana nan ana zuba ma ruwan ramin farar ƙasa don a tace shi kafin a sake shi. Riba ta ƙare tuni, ɗawainiya ba ta ƙare ba.

To, mi ke sa haka? Akwai duwatsun da in suna binne ba su cutar kowa. Amma in an fasa su, iska da ruwa suka taɓa su, sai su ba da wani tsami mai ci, ɗan'uwan ruwan batir. Wannan tsami shi ke narkar da ƙarafan da ke cikin dutse, irin su darma da jan ƙarfe. Ruwan sama ya kwashe su, ya kai gulbi ko tabki.

A cikin ruwa, ƙanana ke fara mutuwa. Jan laka na rufe ƙasan gulbi, ya shaƙe ƙwari da tsutsotsin da kifi ke ci. Ƙwan kifi ba ya ƙyanƙyashewa. Kifin da ya girma, ƙarfe na lalata mashi wurin shan iska. Masunci zai ga kamu ya ragu, ya ce shekara ce ba ta yi kyau ba. Bai san daga tudu abin ya gangaro ba.

Zaiba kuwa, wadda masu neman zinariya ke kama zinariya da ita, halinta daban ne. Taruwa take cikin naman kifi. Babban kifi ya ci ƙarami, ya haɗa da tasa. Mu kuma mu saye babban a kasuwa, mu kai ma iyali.

Ku lura da wannan, ƴan'uwa: ƙarfe ba ya ruɓewa kamar mushe. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fidda darma. Kuma ruwa na iya zama garau, ba wari, alhali da dafi a ciki.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A 2010, nan maƙwabta a Zamfara, darma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. An iske ta har cikin kududdufan ƙauyuka, inda dabbobi ke sha. Mu ma a jihar Maraɗi an haƙi zinariya a yankin Ɗan Isa. A 2021 rami ya rufta, aƙalla mutane 18 suka rasu, hukuma ta ce a rufe wurin. An yi maganar matattu, Allah ya jiƙan su. Amma tulin ƙasar da aka tono fa? In damina ta sauka a kanta, ina ruwan ke zuwa? Wannan yanki shi ne na Gulbin Maraɗi da tabkin Madarunfa.

Na sani, talauci ke tura matashi cikin rami. Ban ce a hana kowa neman abinci ba. Amma masunci da mai garka da makiyayi su ma abinci suke nema, a bakin ruwa guda. Shi ya sa nake ganin duk wanda aka ba izinin haƙa, a sa shi ya ajiye kuɗin cike ramin tun kafin ya sa diga. A hana wankin dutse a bakin gulbi. Inda kuma aka riga aka haƙa aka tashi, masu gari su je wajen hukuma su nemi a auna ruwan, kowace shekara bayan damina, a karanta masu sakamakon da Hausa.