Sai Ya Mutu Za Mu Yaba Masa?

'Yan'uwa marubuta, akwai cutar da ta daɗe tana cin harkar fasaha a ko'ina: ba a ganin girman gwani sai ƙasa ta rufe masa ido. Turawa ma ba su tsira ba. In masu goge huɗu suka hau dandamali a zaurukansu, galibi kiɗan Haydn ko Mozart ko Beethoven za a ji, mutanen da na ƙarshensu ya rasu tun 1827. Mai rai kuwa sai ya yi ta jira har furfura ta cim masa.

David Harrington bai yarda da wannan ba. A 1973 ya ji kiɗan "Black Angels" na George Crumb a rediyo, sai ya kafa ƙungiyar Kronos a birnin Seattle na Amurka: ƙananan goge biyu, matsakaici ɗaya, da babba wanda ake dasawa a ƙasa. Kiɗan farko da aka tsara musu, malaminsa Ken Benshoof ne ya tsara, ladansa kuwa ƙunshin fanken Turawa. Daga wannan ƙunshi, ƙungiyar ta sa an tsara mata sabon kiɗa fiye da 1,000.

Masu ƙyamar sabon abu suna cewa bai gwadu ba tukuna. To wa zai gwada shi in kowa ya naɗe hannu? Beethoven ɗin da suke tinƙaho da shi, yana raye jakadan Rasha a Vienna, Razumovsky, ya biya shi ya tsara kiɗa uku na goge huɗu a 1806. A 1992 Kronos suka fitar da faifan "Pieces of Africa" da ayyukan Obo Addy na Gana, da Foday Musa Suso na Gambiya, da Hamza El Din ɗan ƙabilar Nuba. Hamza ya rasu a 2006, Addy a 2012. Sun ji tafin da kunnuwansu.

Mu fa? Kullum muna ɗaga "Ruwan Bagaja" muna dukan sabon marubuci da shi, muna cewa tun daga nan alƙalami ya bushe. Mun manta Abubakar Imam saurayi ne ɗan shekara 22 sa'ad da ya shiga gasar 1933. An nemi aikinsa, an buga, an saka a makarantu. Da irinmu ne alƙalan lokacin, da littafin ya ruɓe a akwati.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe na ƙungiyarmu: a zaɓi marubuci mai rai, a biya shi ko da kuɗin takarda ne, a karanta aikinsa a taro, a yi masa gyara yana zaune yana ji. Ta'aziyya ba ta gyara littafi. Allah Ya sa mu gane.