Takunkumi Kariya Ne, Amma Wa Zai Saya Wa Talaka?

Jama'ar Malanbil, 'yan kasuwa, direbobi da masu kabu-kabu.

Wasu na cewa takunkumin rufe baki da hanci dabarar gwamnati ce kawai. Mu 'yan adawa ne, amma gaskiya ɗaya ce: takunkumi yana rage yaɗuwar korona. Ƙwayar cutar tana fita ne cikin feshin yawu idan mutum ya yi tari, atishawa ko magana. Wani yana ɗauke da ita bai sani ba, yana ciniki lafiya lau. Idan ya rufe baki da hanci, yawancin feshin zai tsaya a ƙyallen. Naka yana kare ni, nawa yana kare ka.

Garinmu mashiga ce. A 2020, manyan motoci daga Kotonu suna biyowa ta nan zuwa gadar Gaya, kuma kun ji yawan jana'izar da aka yi a Kano cikin Afrilu. Rigakafi ya fi magani.

To, ina gizo ke saƙar? An samu mutum na farko mai cutar a Benin ranar 16 ga Maris. Ranar 8 ga Afrilu gwamnatin Patrice Talon ta wajabta takunkumi a biranen kudu da aka killace, daga baya dokar ta game ƙasa. An tsayar da kuɗinsa dala 40 a farmasi. Irin wannan kuwa ba a wanke shi, yarwa ake yi. Ɗaya a rana, jika 6 ke nan a wata ga mutum guda. Ɗan dako mai iyali, cikin azumi, ina zai samo su? Kafa doka ba wuya, sai a ba talaka abin bin ta.

Idan kun ba mu kujerun kansila, za mu nemi ma'aikatar magajin gari ta ba telolin garinmu kwangilar ɗinka takunkumin yadi mai ninki, a raba kyauta a kasuwa da tasha, a aje ruwa da sabulu a kowace ƙofa.

Kafin nan, ka sa naka ya rufe hanci har haɓa, kada ka rataye shi a wuya. Na yadi a wanke shi da sabulu kullum, kuma ba a aron na wani.

Ranar Lahadi 17 ga Mayu 2020, ku fito da takunkuminku, ku ba da tazara a layi, ku zaɓi canji.